GEMU BA YA HANA ILIMI, AMMA YANA JA MASA BIRKI: Yadda Babba Ke Koyon 'Yan Rakiyar Suna a Harshen Koriya



Lokacin da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni ne zan yi magana a bana, na ɗauka zai ce in yi bayani a kan aikin injiniya, tun da shi na sani, da shi kuma nake ci. Sai ya ce a'a, jama'a sun ji labarin wai na iya Koriyanci, suna so su ji yadda aka yi mutumin da ya sha bulala a kan nahawun Turanci a aji biyu ya koma yana fassara wa mutanen Koriya magana. Malaminmu na Turanci yana zaune a nan gaba, na ga yana murmushi. Allah ya ƙara maka lafiya, Malam, yau dai ka ga ranar bulalarka.

Ba zan yi maganar harshen gaba ɗaya ba, domin lokaci ba zai isa ba. Abu ɗaya zan ɗauka, wanda shi ne ya fi ba ni wuya, kuma shi ne ke ba kusan duk wani babba wuya, wato waɗansu 'yan ƙananan kalmomi da ake liƙa wa suna a ƙeya domin a nuna aikinsa a cikin jimla. Su mutanen Koriya suna kiran su josa, ma'ana kalma mai taimako. Ni kuwa na raɗa musu suna 'yan rakiya, saboda suna ba ya fita unguwa sai da ɗayansu a bayansa. Dalilin da ya sa na ga batun ya dace da wannan zaure shi ne, da yawa daga cikinmu mun fara hango ritaya, kuma na sha jin wani ya ce yana so ya koma ya gyara Larabcinsa ko ya koyi Faransanci amma kai ya riga ya daskare. Ga kuma 'ya'yanmu da ke neman tallafin karatu na gwamnatin Koriya ta Kudu, wanda a cikinsa sai ɗalibi ya yi shekara guda yana koyon harshen, ya kuma ci mataki na 3 a jarrabawar TOPIK, kafin a bar shi ya shiga karatun digirinsa. Yaron da 'yan rakiya suka kayar, to karatun nasa ne ya tsaya.

Wurin aikina ne ya tura ni birnin Busan, a kudancin ƙasar, a bakin teku, na riga na haura shekara arba'in. Makon farko na yi murna ƙwarai, domin rubutunsu ya zo mini da sauƙi. Sunansa Hangul, Sarki Sejong ne ya sa aka ƙirƙiro shi a 1443, aka bayyana shi ga jama'a a 1446, kuma a yau baƙaƙensa na asali 14 ne, wasula 10. Cikin 'yan kwanaki ina karanta allunan shaguna da sunayen tashoshin jirgin ƙasa. Na rubuto wa iyali cewa nan da wata shida na gama da harshen. Ashe ƙofar gidan ce kawai ke da faɗi. Daga baya na ji cewa makarantar horar da jami'an diflomasiyya ta Amurka tana lissafa Koriyanci a sahun harsuna mafiya wuya ga mai jin Turanci, tare da Larabci da Sinanci da Japananci, tana ware masa sa'o'i kimanin 2,200 na zaman aji. Hausa kuwa rabin haka suka ware mata.

Bari in nuna muku abin da ido. A Hausa idan na ce kare ya ciji kyanwa, kowa ya san wanda ya yi cizo, saboda shi ya zo farko. In na juya na ce kyanwa ta ciji kare, labari ya canja. Wato wurin zaman kalma shi ke gaya mana aikau da karɓau, ga kuma ɗan "ya" ko "ta" yana taimakawa. A Koriyanci aikatau a ƙarshen jimla yake zama, sunaye su taru a gabansa, kowanne da ɗan rakiyarsa. Zan rubuta kalmomin yadda kunnen Bahaushe ke jin su, sai dai a lura wasalin "u" da ke cikin ul da rul da nun ba irin namu ba ne, ana faɗinsa ne da leɓe a shimfiɗe kamar mai murmushin dole. Kare shi ne ke, kyanwa koyangi, ya ciza kuwa murossoyo. Ke-ga koyangi-rul murossoyo: kare ya ciji kyanwa. Wannan ga ita ce tambarin aikau, rul kuma tambarin karɓau. Yanzu in na ɗauko kyanwa na kawo ta gaba, na ce koyangi-rul ke-ga murossoyo, har yanzu karen ne ya yi cizo, kyanwa ce ta sha haƙori. Tambarin ke magana, ba layi ba.

Waɗanda suka yi zaman zaure a cikinmu sun riga sun gane inda na dosa. Wannan shi ne i'irabi na Larabci, inda rufu'a ke nuna fa'ili, fataha ta nuna maf'uli, shi ya sa Zaidu ya shekara ɗaruruwa yana dukan Amru a bakin malaman nahawu, ko an sa Amru a gaba ko an sa shi a baya. Abokanmu na Barno ma ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin Barbarci shi ma aikatau a ƙarshe yake ajiyewa, yana kuma liƙa wa suna ye don nuna aikau, ga don nuna karɓau, ro don wanda aka yi wa abu. Abin dariya a nan, ga ta Barbarci karɓau take nunawa, ga ta Koriyanci kuwa aikau. Harsunan biyu ba su da dangantaka, dacewa ce kawai, amma duk Babarbaren da zai koyi Koriyanci sai ya yi hattara.

Wasu daga cikin 'yan rakiyan nan riga biyu gare su. In suna ya ƙare da wasali, a ce ga, rul, nun. In ya ƙare da baƙi, a ce i, ul, un. Aboki shi ne cingu, don haka cingu-ga, cingu-rul. Littafi shi ne cek, don haka cek-i, cek-ul. Wannan ƙa'ida a rana ɗaya malama ta koya mana ita, kuma a rana ɗaya muka haddace. A nan babba ya fi yaro. Yaran Koriya sukan fara amfani da ga tun suna wajen shekara biyu, amma sukan daɗe suna liƙa ta inda bai kamata ba, har su haɗa biyun su ce i-ga a bayan suna guda. Babba ba ya wannan kuskure a takarda. Ba shi jarrabawa ta cike gurbi, zai cinye tas. Amma tsayar da shi a gaban mai shago, ka ji yadda 'yan rakiyar za su watse su bar shi.

Ga abin da ya same ni. Wata rana a ofis, sakatariya ta leƙo da sauri ta ce mini: sonnim-ul sajangnim-i kidariseyo. Sonnim baƙo ne, sajangnim shugaban kamfani, kidariseyo yana jira. Kunnena ya kama manyan kalmomi uku: baƙo, shugaba, jira. Ƙwaƙwalwata ta jera su yadda Hausa ke jerawa, wato baƙo yana jiran shugaba. Na je na sami baƙon a ɗakin saukar baƙi, na kawo masa shayi, na ce ya yi haƙuri shugaba na nan tafe. Alhali abin da ta ce shi ne shugaba ne ke jiran baƙo, in shigo da shi. Shugaba yana ciki yana duban agogo, baƙo yana waje yana duban agogo, ni kuma ina tsakiya ina jin daɗin na yi aikin kirki. Da abin ya tonu ba wanda ya yi mini faɗa, amma kunyar ranar ba ta bar ni na ci abincin rana ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ƙa'idar sarai. Da ta rubuta mini jimlar a takarda, da ban kuskure ba.

Ashe abin yana da suna a wurin masana. Wani malamin koyon harsuna a Amurka, Bill VanPatten, ya yi bayani a littafinsa na 1996 cewa mai koyon sabon harshe yakan fara neman ma'ana ne a cikin manyan kalmomi kafin ya kula da ƙananan alamomin nahawu, kuma yakan ɗauki sunan da ya fara ji a jimla a matsayin wanda ya yi aikin. Ƙwaƙwalwa tana da iyakar abin da za ta ɗauka a cikin daƙiƙa guda. In magana na gudu, sai ta riƙe nama ta zubar da romo. Kuma mafi yawan lokaci dabarar tana ci, domin in ka ji mutum da shinkafa da ci, ba ka bukatar tambari ya gaya maka wa ya ci wani. Sai ranar da aka haɗa baƙo da shugaba, waɗanda kowannensu na iya jiran ɗan'uwansa, sannan asiri ya tonu.

A 2003 William O'Grady na Jami'ar Hawayi da abokan aikinsa biyu, Miseon Lee da Miho Choo, sun gwada ɗalibai masu jin Turanci da ke koyon Koriyanci a kan wani irin gini da zai ba ku sha'awa. Mace ita ce yoja, namiji namja. Yoja-rul cowahanun namja, shi ne mutumin da ke son matar. Yoja-ga cowahanun namja, shi ne mutumin da matar ke so. Kalmomi ɗaya, jeri ɗaya, gaɓa guda ce tak ta bambanta su. Duk wanda ya taɓa zuwa zance a cikinmu ya san tazarar da ke tsakanin waɗannan mutane biyu. Masu binciken sun tarar ɗaliban sun fi gane irin ginin farko, sun fi yin tuntuɓe a na biyu.

Akwai wasu dalilai da suka sa 'yan rakiyan nan ke ɓuya wa kunnen babba. Gajeru ne, ba a ɗaga murya a kansu, kuma sukan narke cikin kalmar da suka bi. Cek-i a baki cegi ake ji, sai ka yi ta neman wata kalma cegi a ƙamus ba ka samu ba. Sa'annan su masu harshen da kansu sukan yar da su a hira ta yau da kullum, musamman tambarin karɓau. Gaisuwar da za ka ji kullum ita ce pap mogossoyo, wato ka ci abinci? Ba ul a bayan pap. To ka ga halin da ɗalibi ke ciki: a aji an ce masa dole ne, a titi ya ji ba kowa ke sawa ba. Sai ya yanke wa kansa hukunci mai daɗi cewa ado ne kawai, ya zubar da su duka. Ni ma na yi haka kusan shekara guda, ana gane ni, ana ma yaba mini. Amma zubarwar tasu tana da ƙa'ida. Sun san inda in an cire magana za ta rikice, kuma a rubutu da labaran rediyo da taron ofis ba a wasa da su. Ni kuwa ina cirewa ne don ban iya ba.

Wannan shi ne babban haɗarin. Larry Selinker, a wata maƙala ta 1972, ya yi maganar yadda harshen mai koyo kan daskare a wani mataki ya ƙi gaba, ko da ya shekara ashirin cikin masu harshen. Ba sai mun je Koriya mun ga misali ba. Kowa a nan ya san ɗan kasuwar da ya zo garinmu da girmansa, ya yi shekara talatin yana ciniki da Hausa, ya san karin magana, ya san zagi, amma har gobe "matata ya zo" yake cewa. An gaya masa sau nawa? Ya sani. Bukatarsa ta biya ba tare da "ta" ba, sai ƙwaƙwalwa ta rufe wannan shafi. Ranar da na gane cewa ni ne wannan mutumin a Busan, ranar na fara koyon Koriyanci na gaskiya.

A ajinmu na yamma akwai mutanen ƙasashe da dama, kuma nan na ga yadda harshen uwa ke bin mutum kamar inuwa. Mutanen Japan kamar a jirgi suke tafiya, domin harshensu yana da 'yan rakiya kusan ɗaya bisa ɗaya da na Koriya. Na Mongoliya da Uzbekistan su ma ba su sha wuya sosai ba, sun saba da ɗafa-ƙeya mai nuna aikin suna. 'Yan Sin da 'yan Biyetnam da ni, mu ne 'yan bayan aji. Amma su ma 'yan Japan ɗin suna da ramin da suke faɗawa. A harshensu aboki da ka gamu da shi da motar da ka hau suna ɗaukar tambarin wuri ne, a Koriyanci kuwa tambarin karɓau suke ɗauka, sai ka ji sun kwaso al'adar gida sun kawo.

Ramin da ya fi cin mutane bayan an wuce matakin farko shi ne inda ma'ana ta ce karɓau, nahawu ya ce aikau. Ina bukatar kuɗi: a hankalinmu kuɗi ne abin da ake bukata, sai hannu ya kai ga ul. Amma ton-i piryoheyo ake cewa, da tambarin aikau, kamar ka ce kuɗi ya wajaba. Ba ni da lokaci, shigan-i opsoyo, wato lokaci babu. Ina son kofi kuwa hanya biyu ce: kopi-rul cowaheyo ko kopi-ga cowayo, aikatau biyu masu kama da juna, kowanne da ɗan rakiyar da yake so. A nan Hausa ta taimake ni. Mu ma ai mukan ce kaina yana ciwo, yunwa tana damuna, barci ya ɗauke ni, abin ya yi mini daɗi. Da na daina fassarawa daga Turanci na koma fassarawa daga Hausa, sai mori-ga apayo ta zama kai na ciwo, ba wani abin mamaki. Haka kuma jimlar da ake ba kowane ɗalibi, kokkiri-nun ko-ga kiroyo, mai jin Turanci yakan rasa yadda jimla ɗaya za ta yi kamar tana da aikau biyu. Bahaushe kuwa sai ya ce giwa kam, hancinta dogo ne, ya wuce abinsa.

Wannan ya kawo mu ga sarkin wahala, wato bambancin ga da nun. Nun ba tambarin aikau ba ce, ba kuma ta karɓau ba. Aikinta ta ɗaga abu ta ce ga abin da muke magana a kai, ko kuma ta bambanta shi da waninsa. In ta zo, sai ta kori ga ko rul ta zauna a gurbinsu. Littattafan da aka rubuta don Turawa sukan cika shafuka suna kewaye-kewaye a kan wannan, domin Turanci da murya yake yin wannan aiki. Mu kuwa muna da kayan aikin a gida. Nun ita ce kam da dai da kuwa. Co-nun Naijiriya saram-iyeyo: ni dai mutumin Nijeriya ne. Ga kuma, a ɗaya daga cikin ayyukanta, ita ce dirkarmu ta "ne" da "ce". In aka tambaya nuga wassoyo, wa ya zo, amsa ita ce cingu-ga wassoyo, aboki ne ya zo. Ba a amsa wannan tambaya da nun, kamar yadda ba za a ce maka wa ya zo ka ce aboki kam ya zo ba, sai in kana nufin akwai wanda bai zo ba. Haka a tatsuniya: farkon ambaton tsoho da ga ake yi, daga nan sai a koma nun, daidai da yadda mukan fara da wani tsoho, sa'annan mu ci gaba da tsohon.

Duk da wannan gata, sai da nun ta kunyata ni. Wani abokin aiki ya gayyace ni gidan mahaifiyarsa, tsohuwa ta wuni tana girki, ta cika tebur da ƙananan kwanoni kamar yadda suke yi. Na ɗanɗana kimci, wato kabejin nan nasu mai yaji da tsami, na so in yaba, sai na ce kimci-nun mashissoyo. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, sai abokina ya fashe da dariya. Abin da na faɗa shi ne kimcin kam ya yi daɗi. Ku auna a ce baƙo ya ci tuwon gidanku ya ce wa Hajiya miyar kam ta yi daɗi. Sauran fa? Tsohuwar ta yi dariya ita ma, ta ƙara mini kimci, amma har na bar garin in mun haɗu sai ta tambaye ni ko yau sauran abincin ma ya samu shiga. Masana irin su Antonella Sorace sun nuna cewa wuraren da nahawu ke haɗuwa da yanayin zance, wato inda zaɓin kalma ya dogara ga abin da aka riga aka faɗa da abin da mai sauraro ya sani, su ne ke jimawa ba su zauna ba, har ga waɗanda suka yi nisa ƙwarai a harshe. Ga da nun a wannan mahaɗa suke zaune.

Na wuri ba su kai wannan wuya ba, zan wuce su da sauri. E tana nuna inda abu yake ko inda aka nufa, eso tana nuna inda ake yin wani aiki ko inda aka fito. Cip-e issoyo, ina gida. Cip-eso mogoyo, a gida nake cin abinci. Mu "a" ɗaya ke mana duka biyun, don haka sai an yi ta maimaitawa.

To shin girma ne ya jawo duk wannan? Tun 1967 Eric Lenneberg ya kawo ra'ayin cewa akwai wani zango na ƙuruciya da harshe ke shiga mutum ba wahala. A 1989 Jacqueline Johnson da Elissa Newport suka gwada mutum 46 'yan asalin Koriya da Sin da suka je Amurka a shekaru daban-daban, daga 3 zuwa 39. Waɗanda suka isa suna tsakanin shekara 3 da 7 sun yi daidai da 'yan ƙasa a nahawun Turanci, daga nan maki ya yi ta sauka har zuwa balaga. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba: a cikin waɗanda suka je da girmansu, shekaru ba su ƙara yin tasiri sosai ba, sai bambanci mai yawa tsakanin mutum da mutum, wani ya yi kyau ƙwarai, wani ya yi baya. A 2018 kuma Joshua Hartshorne da Joshua Tenenbaum da Steven Pinker suka tattara amsoshin mutum kusan 670,000 ta intanet, suka ce ƙarfin koyon nahawu yana nan har wajen shekara 17 kafin ya fara raguwa. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, mu da muke wannan zaure ba za mu zama 'yan ƙasa a sabon harshe ba, wannan jirgi ya tashi. Amma tsakanin mai shekara talatin da mai hamsin tazarar ba ta kai yadda muke tsoro ba, kuma abin da ya rage ya danganta ne ga irin aikin da mutum ya yi.

Aikin da ya fisshe ni ba ƙarin haddar ƙa'ida ba ne, wannan na riga na ƙoshi da ita. Malamarmu ta biyu, wata dattijuwa mai haƙuri, ita ta canja mini hanya. Takan ɗaga hotuna biyu, a ɗaya kare na cizon kyanwa, a ɗaya kyanwa na cizon kare, ta faɗi jimla sau ɗaya da sauri, tana jujjuya jerin sunayen yadda ta ga dama, ta ce mu nuna hoton. Ba damar dogara ga wanda ya zo farko, ba damar dogara ga hankali. Dole kunne ya koma ƙeyar kalma. Makonnin farko kamar caca nake yi. Sannu a hankali sai na fara jin 'yan rakiyar suna fitowa fili, kamar yadda mai koyon tuƙi ke fara jin ƙarar inji tana gaya masa lokacin canja giya. Richard Schmidt, wanda ya rubuta littafin tarihin koyon Fotugisancinsa a Barazil yana babba, ya kafa hujja a 1990 cewa babba ba ya koyon abin da bai lura da shi ba. Ya tarar akwai abubuwan da ya daɗe yana ji a bakin mutane, amma ba su shiga bakinsa ba sai bayan da hankalinsa ya kai kansu.

Na ƙara da nawa dabarun, waɗanda duk daga wannan makaranta na tafi da su. Shifta ta farko. Kowane dare nakan ɗauki minti ɗaya na labaran rediyo, in saurara sau goma, in rubuta, sa'annan in gwada da rubutaccen labarin. Manyan kalmomi nakan same su, inda nake faɗuwa kullum ƙeyar suna ce, sai in zagaye da jan biro kamar yadda Malam yake mana. Na kuma daina haddace aikatau shi kaɗai, sai tare da ɗan rakiyarsa, kamar yadda ba a sayen kwado a bar mabuɗi a shago. Sa'annan na roƙi abokan aiki biyu su daina yi mini kara. Mutanen Koriya suna da kunyar gyara wa baƙo magana, balle wanda ya girme su, sai da na nace ƙwarai suka yarda.

Wani abu da ya sanyaya mini zuciya shi ne da na karanta cewa ita kanta ga baƙuwa ce a harshen. A zamanin Sarki Sejong i kaɗai ake da ita, ga ba ta yaɗu ba sai wajen ƙarni na 17. Kalmar nega, wato ni ne, tana ɗauke da tambarin biyu a haɗe, tsohon da sabon, irin kuskuren nan da yaransu ke yi. Haka kuma mu ba mu rasa namu kayan wahalar da baƙo ba. Mukan ce na sayi doki, na saye shi, na saya, aikatau ɗaya riga uku, gwargwadon abin da ya biyo baya. Mukan ce baki amma a baka, kai amma a ka, zuciya amma a zuci. Ba wanda ya koya mana wannan da alli. Da na gwada bayyana wa wani abokina ɗan Koriya bambancin sayi da saye, sai ya riƙe kai ya ce harshenmu ba shi da tausayi.

Har yanzu akwai wanda bai zauna mini ba, kuma ba na jin zai zauna. In aikau babban mutum ne, kaka ko malami ko shugaba, ba a ce ga, sai a ce kkeso, wanda aka ba abu kuma a ce kke maimakon ege, sa'annan aikatau ma ya sa rigar girmamawa. Haraboji-kkeso oshossoyo: kaka sun iso, kamar dai yadda a wasu gidajenmu ake jam'inta babba. Na san wannan tun shekarar farko. Amma in magana ta yi zafi, hankalina yana kan lissafin aiki, sai in ji ga ta riga ta fita a bayan sunan dattijo, in bi ta da gyara a makare. Abokaina sun saba, sukan ce mini kakan ya riga ya yafe.

Malam Shugaba, na ga sakatare yana nuna mini agogo, kuma wannan karon na tabbata ni ake jira, ba ni ke jira ba. Wanda ɗansa ke shirin tafiya, ko yake da tambaya a kan jarrabawar, ina nan bayan an tashi.